Muhawara kan ɗora hoton da aka buga a jikin katin gaisuwa na hannu

Mai Kati, Mabera:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin takarda da bugu. Ina haɗa katunan gaisuwa da hannu, na barka da Sallah da na suna da na saukar karatu, kuma kwalin da nake amfani da shi mai kauri ne, mai ɗan kaushi a fuska, wanda firinta ba ta iya ja. Abin da nake so shi ne in buga hoto a takarda ta yau da kullum, kamar hoton ƙofar Hubbaren Shehu ko zanen zayyana irin na allo, sannan in mayar da hoton jikin kwalin ya zauna kamar a nan aka buga shi, ba wai in yanko takardar in manna ba. Na ga ana yin haka da farin gam: a shafa, a kife hoton, a bari ya bushe, sannan a jiƙa bayan takardar a murje. A wurina kwalin lanƙwashewa yake yi, hoton kuma yana fitowa dishi-dishi, a wasu wuraren ma launin ya bazu ya haɗe da juna. Shin matsalar daga gam take, ko daga kwali, ko daga bugun kansa? Babbar Sallah tana ƙaratowa, kuma akwai waɗanda suka riga suka nemi in yi musu.

Mai Shagon Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun da kika ce launin ya bazu, ko ban ga takardar ba na san da firinta mai tawadar ruwa aka buga miki hoton. Irin wannan tawadar, musamman wadda ake ɗurawa a tanki, da ruwa aka haɗa ta, kuma shiga take yi cikin jikin takarda kamar yadda baba ke shiga zare a marina. Idan kika murje takardar kin murje hoton tare da ita, ɗan abin da ya rage kuma ruwan ya narkar da shi. Injin fotokofi da firintar lesa kuwa hodar tona suke amfani da ita, wadda garin roba ne da aka gauraya da launi. Injin yana shimfiɗa hodar a kan takarda, sannan ya bi ta da abin matsi mai zafin da ya doshi digiri 200, ta narke ta manne a sama ba tare da ta shige ciki ba. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi daga injin, shi ya sa kuma idan fotokofi ya daɗe cikin wasu jakunkunan leda a wuri mai zafi rubutun kan tashi ya manne a jikin ledar. Wannan tashin da ke ɓata wa masu takardun shaida rai, shi ne ainihin abin da aikinki ke bukata. Saboda haka ki fara da sauya bugu, ki koma tona.

Amma ina da tambaya. Akwai kwali na gram 200 zuwa 250 (ma'aunin kaurin takarda ke nan) da manyan injuna masu launi ke ja ta ƙofar gefe lafiya lau, cikin ɗan lokaci a buga miki katunanki tsaf. Me zai sa ki kwana kina murzar takarda a kan abin da inji zai gama kafin a sha shayi?

Mai Kati, Mabera:
Na gode, Yaya, lallai da mai tawadar ruwa aka buga. Game da tambayarka, kwalina ya kai gram 300, wasu ma takardu biyu nake haɗawa su zama ɗaya, kuma launin ƙasa-ƙasa ne. Masu saye na cewa abin da ya ja su gare shi shi ne bai yi kama da katin gayyatar biki da ake bugawa ɗari-ɗari ba.

Malamin Zane:
Mai shago ya faɗi gaskiya game da tona, amma ban yarda da shi ba cewa bugu kai tsaye ya wadatar. Hoton da aka ɗauke daga takarda aka ɗora a kwali ba ya fitowa sumul. Gefensa kan ɗan cinye, baƙinsa kan yi laushi, kaushin kwalin kuma ya bayyana ta cikinsa, har wanda ya karɓi katin ya gane hannu ne ya yi aikin. Wanda ke son sumul ai shagunan bugu suna nan, kuma ba su ne ake tambaya ba.

Malama, lanƙwashewar kwali daga ruwa take. Takarda da kwali duk zaren itace ne da aka matse, idan gefe ɗaya ya sha ruwa ya kumbura ɗayan yana bushe, dole kwalin ya karkata. Hanyar gam kuwa sau biyu take shayar da kwali ruwa, lokacin shafa gam da lokacin murza, don haka aikin duka shi ne rage ruwan nan. Ki shafa gam a fuskar hoton, ba a kwali ba, da burushi mai laushi, shafi ɗaya siriri wanda ya rufe ko'ina, domin duk inda gam bai taɓa ba hoton zai fito da rami a wurin. Ki kife shi nan take. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da kuma bushewar hunturu, gam yakan yi fata a sama tun kafin mutum ya ajiye burushi, kuma da zarar ya yi fatar nan ba zai kama kwalin da kyau ba. Ki goge bayan takardar daga tsakiya zuwa gefe da tsohon katin banki, ki share gam ɗin da ya fito, kada ya hau bayan takardar, domin inda ya hau ruwa ba zai shiga ba. Sannan ki sa leda a kai, ki danne da littattafai masu nauyi, ki bar shi ya kwana.

Washegari kada ki zuba ruwa. Ki tsoma yatsa a kofi ki jiƙa wuri kaɗan, ki jira takardar ta yi duhu har hoton ya fara leƙowa ta bayanta, sai ki murza a hankali kina zagayawa. Za ki ga takardar tana naɗewa ƙarƙashin yatsa, tana zama 'yan siraran dunƙule farare, ki kaɗe su ki matsa gaba. Idan kika ga baƙi a kan yatsanki, ki ɗaga hannu, kin kai ga hoton. Yayin da wurin ke jiƙe za ki ɗauka kin gama, amma da ya bushe wani farin hazo zai rufe hoton, wato ragowar zaren takarda ke nan. Ki sake bi sau ɗaya da yatsa mai ɗan danshi, abin da ya rage kuma shafin gam siriri a sama zai ɓoye shi.

Sai batun gam ɗin kansa. Farin gam na kafintoci yana yi, amma ko bayan ya bushe yakan yi laushi ya koma fari idan ruwa ya daɗe a kansa, shi ya sa hoto ke salubewa a hannun mai gaggawa. Wanda ya fi dacewa shi ne madarar akirilik marar launi da masu zane ke amfani da ita, domin idan ta bushe ruwa ba ya narkar da ita. Ni daga Kano ake kawo mini. Abu biyu kuma kada a manta. Duk hoton da za a kife sai an juya shi dama ta koma hagu kafin a buga, manhajar zane ta CorelDraw da ake amfani da ita a shagunanmu tana yin haka da taɓi ɗaya, kuma kina iya ɗaga takardar gaban madubi, yadda kika gani a madubin haka zai zauna a kati. Na biyu, injunan da muke samu ba su buga fari. Duk inda hoto yake fari, launin kwalinki ne zai fito a wurin, don haka farin bango a kan kwali mai launin ƙasa zai koma launin ƙasa, wanda wani lokaci yakan yi kyau ƙwarai, wani lokaci kuma ya kashe hoton.

Ɗalibar Kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:
Allah shi saka wa Malam da alheri. Ina so in ƙara da cewa idan ruwa ne matsalar, akwai hanyar da ba ta bukatarsa ko kaɗan. Tun da tona roba ce, duk abin da ke narkar da irin wannan robar zai sake ta daga takarda, kuma mafi sauƙin samu shi ne asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce. A kife hoton a kan kwali, a manne gefensa na sama da salatef ɗin takarda don kada ya goce, a jiƙa auduga kaɗan a dangwala a bayan takardar har ta yi shara-shara, nan take a goge wurin da bayan cokali da ƙarfi. Asiton yana tafasa ne a digiri 56 kacal, saboda haka a garin da zafin rana ke haura digiri 40 a bazara, cikin daƙiƙoƙi yake tashi. Dole a riƙa yin wuri kaɗan-kaɗan, misalin faɗin yatsu biyu, ana ɗaga gefen takardar ana dubawa. Idan asiton ya yi yawa kuma tonar za ta narke fiye da kima, layuka su bazu. Kwalin ba ya lanƙwashewa, babu kwana, babu murza. Sai dai ba duka tonar ke tashi ba, hoton kan fito toka-toka, shi ya sa hanyar ta fi dacewa da zane mai kakkauran layi baƙi da fari, irin zayyanar da Anti ta ambata, fiye da hoto mai inuwa da yawa. Bugun da aka yi ranar ya fi tsohon bugu saki. A kuma duba jikin kwalbar, domin wasu ruwan goge farcen ba su da asiton, wasu kuma an sa musu mai da turare, man kuwa yana barin tabo a kwali.

Ɗan Runjin Sambo:
To idan narkarwa ake so, ai fetur da tina na masu fenti sun fi arha, kuma kowace unguwa akwai su. Na kuma ga masu gyaran rediyo suna ɗora zanen tona a kan allon jan ƙarfe da dutsen guga. Me zai hana a yi wa kwali haka?

Hajiya Mai Lalle:
Ɗana, katin barka da Sallah da za a miƙa wa surukai yana warin fetur? Ka kuma tuna cewa yawancin masu wannan sana'a mata ne a cikin gida, da yara suna kai da kawowa, da risho ko gas a gefe. Ni ko asiton ɗin ma ba zan so a buɗe shi a ɗaki ba.

Ɗalibar Kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:
Hajiya ta yi gaskiya. Fetur yana barin maiƙo da wari, tururinsa kuma yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa, don haka a cire shi daga lissafi. Tina yana ɗaga tona sosai, amma abubuwan da ke cikinsa suna sa ciwon kai da jiri, kuma mai juna biyu ba ta da dalilin shaƙarsa. Shi ma asiton yana kama wuta da sauri. A yi aikin a tsakar gida ko a zaure mai iska, nesa da murhu da garwashin turaren wuta, a rufe kwalbar bayan kowace tsoma. Batun dutsen guga kuwa gaskiya ne, zafi yana sake narkar da tona. Amma allon jan ƙarfe sumul yake kuma yana riƙe zafi, kwali mai kaushi kuwa tudun jikinsa kawai tonar ke taɓawa, sauran ta koma ta manne a takardar da ta fito. Yana iya yi a kan kwali mai santsi, da busasshiyar guga ba tururi, da farar takarda a tsakani don kada kwalin ya ƙone.

Hajiya Mai Lalle:
Ni hanyar da na koya wa 'yan matan da ke taya ni aiki ita ce ta babban salatef mai gani-har-hanji, irin wanda ake ɗaure kwali da shi. A manna shi a fuskar hoton tona, a goge sosai da cokali, a jefa cikin ruwa na ɗan lokaci, a murje takardar. Hoton zai tsaya a jikin salatef, idan ya bushe danƙonsa yakan dawo, sai a manna a kati. Ruwa bai taɓa kwali ba, babu wari, kuma ba a bukatar juya hoton tun da ta gabansa ake kallo. Ƙananan furanni da tambarin Arewa suna fitowa da kyau ta wannan hanya.

Malamin Zane:
Hajiya, hanya ce mai kyau ga yara da masu koyo, amma ga katin sayarwa ina da ja. Faɗin salatef ɗin yawanci bai wuce inci 2 ba, idan hoto ya fi haka sai an jera biyu, mahaɗin kuma yana fitowa. Sheƙinsa ya saba da kwali marar sheƙi, kowa zai ga an manna abu ne, wanda shi ne mai tambaya ta ce ba ta so. Ga shi kuma a zafin nan namu danƙon yakan tsattsafo ta gefe, ƙurar hunturu ta hau ta yi masa baƙin layi.

Mai Shagon Kwamfuta:
Tun da an nace sai an yi da hannu, bari in ba da abin da muke zubarwa kullum. Takardar nan mai santsi da ke bayan sitika, wadda ake ɓare sitikar daga jikinta, an shafe ta da wani abu da ke hana komai kama ta. Idan aka buga hoto da tona a fuskarta mai santsi, tonar tana zama ne kawai ba ta kama ba, ko farce aka sa sai ta tashi. A shafa gam siriri a wurin da hoton zai zauna, a kife, a goge, a danne ya bushe sarai, sannan a ɓare takardar a hankali. Hoton zai tsaya a kwali, takardar ta fito fes, babu jiƙawa babu murza, babu farin hazon da Malam ya ambata. Sharaɗinsa shi ne a cire duk wani ɓurɓushin sitika daga jikinta kafin ta shiga inji, domin idan guntu ya ɓare ya manne a ciki, gyaran ya fi kuɗin katunan. Wasu injunan kuma suna shafe tonar a irin wannan takarda, don haka a gwada da ɗaya, kuma kada a ji haushi idan mai inji ya ƙi. A riƙe bugun ta gefe, kada a naɗe shi ko a cusa a jaka.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a:
Ɗiyata, na karanta duk abin da aka faɗa, kuma akwai abu ɗaya da zai rage miki asara ko da wace hanya kika bi. Kada ki yi aikin a jikin katin da kika riga kika yanka kika ninke. Ki yi shi a wani ƙaramin yanki na kwali dabam, idan ya fito da kyau ki daidaita gefensa da rula da reza ki manna a fuskar katin, idan ya lalace guntu kika rasa. Guntun da ya ɗan karkata kuma, da an manna shi an danne zai miƙe. Wannan ba manna takardar bugu ba ce, hoton yana jikin kwalinki ne. Sannan kowane kwali da inji ya yi yana da hanyar da zarensa ya kwanta. Ki ɗan lanƙwasa shi ta tsawo, ki lanƙwasa ta faɗi, inda ya fi sauƙin bi nan ne zaren ya kwanta, kuma ninkin kati ya bi wannan layin. Kwalin gram 300 da aka ninke a kan akasin zarensa yakan tsattsage a baya. Kafin ninki ki ja layi da rula da biron da tawadarsa ta ƙare.

Yanzu bari in faɗi wadda ban ji an ambata ba, wadda kayan aikinta yana kasuwarmu tun kaka da kakanni, wato ƙaro. Ƙaro ba zai yi aikin farin gam ba, domin ruwa na narkar da shi, amma yana da wani aikin dabam. Bugun da manyan maɗaba'u ke yi ya samo asali ne daga dabarar da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796, cewa mai da ruwa ba su haɗuwa: a zana abu da maiƙo a kan dutse, a shafe dutsen da ruwan ƙaro, tawada mai mai ta kama zanen kawai ta ƙi sauran wurin. Takardar fotokofi tana iya tsayawa a matsayin dutsen. Ki jiƙa ƙaro ya narke ya yi kauri kaɗan, ki tace, ki shimfiɗa fotokofin a kan gilashi fuskarsa sama, ki shafe shi da ruwan ƙaron gaba da baya. Farin takardar zai sha ƙaro, tona kuwa ba za ta sha ba. Ki samu tawadar maɗaba'a mai mai, cokali ɗaya ya isa katuna da yawa, ki murza ta a gilashi da ƙaramar rola ta roba har ta yi siriri, ki bi kan fotokofin a hankali, ki share da soso mai ruwa, ki sake bi. Za ki ga tawadar ta hau layukan zanen ta bar farin wurin. Sai ki kife shi a kan kwalin, ki sa busasshiyar takarda a bayansa, ki goge da cokali. Amfanin wannan hanya shi ne fotokofi baƙi da fari mai arha zai ba ki zane ja ko kore ko ruwan ƙasa, duk launin tawadar da kika zaɓa, kuma launin ya fi na asiton ƙarfi nesa ba kusa ba. Takarda ɗaya ba ta wuce bugu kaɗan take yagewa, tawadar kuma tana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ta bushe. Aiki ne mai ɓata hannu, kuma na farko ba ya yin kyau a wurin kowa, amma ga zayyana ban san abin da ya kai shi ba.

Baduku:
Baba ya buɗe mini ƙofa. Guntun da za a manna a fuskar kati ba dole ya zama kwali ba. Muna da ragowar fatar akuya siririya wadda aka jeme da bagaruwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafai bango da ita. Wadda ba a rina ba tana karɓar tona ta hanyar asiton, zanen ya fito da kyau a kanta. Wadda aka rina ja ko kore kuwa asiton yana ɗaga rininta ya bar dabbare-dabbare, don haka a gwada a gefe tukuna. Hanyar jiƙawa da murza ba ta dace da fata ba, domin ruwa yana barin shata a jikinta.

Malamin Islamiyya:
Allah shi yi wa kowa albarka. Ina so in ja hankali kan abin da za a ɗora, tun da an ambaci zayyana da katin sauka. Wannan aiki yana da gwaji da yawa, ana lalata wasu a zubar, ana murje takarda ɓurɓushinta ya zuba a ƙasa, kuma katin gaisuwa kansa bayan Sallah yakan ƙare a hannun yara ko a shara. Shawarata ita ce a bar ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah daga cikin abin da za a riƙa bugawa a juye ana murzawa. Adon zayyana ba tare da aya ba ya wadatar. Idan mai katin sauka ya nace sai da aya, a rubuta ta da alƙalami da tawada a cikin katin bayan an gama komai, a kuma tattara duk takardar da ke ɗauke da irin wannan rubutu a ƙona ta a wuri mai tsarki kamar yadda aka saba. Gaisuwar ma idan aka rubuta ta da hannu da ajami ta fi armashi, ga shi an huta da kuskuren juyi, domin wanda bai iya karatun ajami ba ba zai lura cewa rubutun ya fito a birkice ba sai kati ya isa hannun wanda ya iya.

Mai Kati, Mabera:
Allah shi gafarta Malam, na karɓi wannan. Dama rubutun cikin kati da hannu nake yi. Ina tunanin sa ranar Sallah a fuskar katin tare da hoton, ko akwai matsala?

Malamin Islamiyya:
Ta Babbar Sallah ana saninta tun da aka ga watan Zulhajji, kwana goma ke nan kina da sarari. Ta Ƙaramar Sallah kuwa sai daren da Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, ba za ki iya bugawa tun da wuri ba. Shekarar Hijira kaɗai ta isa a duka biyun.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ƙanwata ta ce hotonta yana fitowa dishi-dishi, kuma ina zargin rabin dishin tun daga wayar yake. Hoton da ya zaga ta WhatsApp an matse shi, a fuskar waya yana da kyau, a takarda kuwa sai ya farfashe. A tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Masu bugu suna neman ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai zauna inci 3 da inci 4 yana bukatar ɗigo 900 da 1,200. Tun da kowace hanya da aka ambata tana rage ƙarfin hoto, a ƙara masa bambancin haske da duhu kafin a buga, fiye da yadda ido ke so a kwamfuta. A cire sama da bango, a bar ginin kawai, zai fi zama a kwali mai launi. Sai kuma maganar haƙƙi. Hotunan Hubbare da na Fada da na Masallacin Sultan Bello da ke yawo a intanet akwai waɗanda suka ɗauke su, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi. Wanda zai sayar da kati ya nemi izinin mai hoton, ko ya je da sassafe ya ɗauki nasa bayan ya sallama wa masu kula da wurin. Yawancinmu idan aka tambaye mu aka sa sunanmu a bayan kati ba mu ƙi.

Mai Shagon Kwamfuta:
Idan za a kawo bugu, a zo da shi an riga an juya, a jera hotuna da yawa a takarda ɗaya ta gram 80, a kuma ce wa mai inji ya kashe tsarin tsimin tona, domin bugun da ya fito fari-fari ba shi da abin da zai saki. Takarda mai kauri ko mai sheƙi ba ta da amfani a nan, wahalar murza kawai take ƙarawa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wanda aka ba shi aikin kati hamsin ko ɗari, ya buga kai tsaye ya yi wa gefen ado da hannu. Idan aka lissafa gam da gwajin da ya lalace da lokacin mutum, ban ga yadda farashin zai fito ba.

Malamin Zane:
Farashin ba zai fito ba idan ta sayar da shi kuɗin katin inji, kuma bai kamata ta yi haka ba. Kati ɗari aikinka ne, kati goma na mutumin da ke son aika wa iyayen gidansa abin da ba kowa ke da shi ba aikinta ne. Da ni ne, zayyana da tambari zan yi su da ƙaro ko asiton, hoton gini mai launi kuma da takardar bayan sitika da madarar akirilik, duka a kan guntun da Baba ya ce.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a:
Ɗiyata, ki sayi ambulan kafin ki yanka kwali. Idan kika raba kwali mai girman A4 biyu kika ninke kowane rabi, za ki samu kati mai milimita 105 da 148, wanda ke shiga ambulan mai lamba C6, mai milimita 114 da 162. Kati mai guntun kwali ko fata a fuska ya fi na yau da kullum kauri, don haka ki rage milimita 2 ko 3 daga gefensa. Waɗanda kika shafe fuskarsu da gam kuma kada ki jera su fuska da fuska, domin a zafi suna mannewa da juna ko sun bushe. Ki sa takardar bayan sitikar da kika ɓare a tsakaninsu har ranar da za a zo karɓa.